Ƙarfe Mai Siffar Ƙwai

Ƙarafa goma sha ɗaya Baba ya bar mini a cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Shi ya ƙera su da hannunsa a wurin gyaran jirgi na reluwe a Kafanchan, daga guntayen ƙarfen da aka zubar, a lokacin da sauran ma'aikata suke cin abincin rana. Kowanne kamar ɗan kofi yake marar gindi, bakinsa na ƙasa da kaifi, an lanƙwasa shi ya ba da wata siffa. Akwai zuciya, akwai ganye, da tauraro, da gicciye, da wata kurciya wadda kowa ya gani sai ya ce kaza ce, Baba kuwa har ya mutu bai yarda ba.

Aikin ba shi da wuya a ido. A shimfiɗa takarda mai kauri a kan gungumen maɗaci, a ɗora ƙarfe, a ɗora ɗan katako a bisansa, a buga da guduma. Bugu ɗaya ake yi. In aka ƙara na biyu ƙarfen ya riga ya gusa, bakin takarda sai ya fito da gashi-gashi. Da waɗannan ƙarafa nake yin katin Kirsimeti da na Ista, da na baftisma, da na barka da Sallah ga maƙwabtanmu, da ƙananan firem na kwali waɗanda nake rufe fuskarsu da farar leda mai ƙarfi maimakon gilashi. A barandar ɗakinmu nake aiki, kusa da kwatas na ma'aikatan reluwe. Ina da shekara ashirin da biyar a lokacin, ina da saurin hannu, ina kuma da saurin yanke hukunci, har ina ganin wannan na biyun ma wata baiwa ce.

Ƙarafa biyu ne na hoto. Ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya mai siffar ƙwai. Mai kusurwa huɗu na masu rai ne, kuma ba ya taɓa hoto: kwali ake yanka wa taga, a zura hoton ta baya yadda yake. Mai siffar ƙwai na matattu ne, shi kuwa a kan hoton kansa ake buga shi. Dalilin a fili yake. Mutanenmu ba su cika ɗaukar hoto su kaɗai ba. In mutum ya rasu, abin da za a samu sai hoton biki ko na ƙungiyar mawaƙan coci, yana tsaye a cikin jama'a, kuma ba mai son ganin tasa fuskar a katin tunawa da mamaci alhali yana raye yana cin tuwo. Sai a cire fuskar mamacin daga cikin masu rai, a manna ta a kan farin kati, a kewaye da ganye da gicciye. Ban san wanda ya fara wannan ba, wataƙila ma Baba ne. Amma kafin in gaji ƙarafan, a unguwarmu har yara sun san in ka shiga ɗaki ka ga fuska a cikin ƙwai a bango, ba ka tambayar ina mai ita ya tafi.

Abin da nake taƙama da shi shi ne ba na tambaya. Mai makoki ya zo da hoto, ba na sa shi ya buɗe baki ya ce wane ya mutu, a yanka shi. Ina duban fuskarsa, in tuna wata nawa da aka yi jana'iza, in karɓi hoton da hannu biyu in ce ya dawo jibi. Mutane suna yaba mini a kan haka, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Akwai wata mata da muke kira Mama mai manja. 'Yar ƙabilar Ibo ce, ta zo Kafanchan tun tana amarya da mijinta direban jirgi. Mijin ya rasu tuntuni, 'ya'yanta mata sun yi aure a kudu, ta rage ita da autanta, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya mai koyon gyaran babur. Tana da rumfa a kasuwa, tana sayar da manja da busasshen kifi. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa kai ne a wurinta, mace ko namiji, kuma ba ta taɓa damuwa ba.

A makon da aka yi tashin hankali a garinmu, cikin 1987, autan nata yana Kaduna, maigidansa ya aike shi sayen kayan babur. Wani direba ya ce ya gan shi a Mararaban Rido da kwali a kafaɗa yana jiran mota zuwa gida. Daga nan ba wanda ya ƙara ganinsa. Ba a ga gawa ba, ba a ga kwalin ba. Mama ta rufe rumfa ta shiga nema. Ta je Kaduna, ta bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda. Wani ya ce mata an ga mai kama da shi a Jere yana facin taya, ta je, ba shi ba ne. Aka ce Kagarko, ta je. Ta dawo ta buɗe rumfa ta ci gaba da awon manja, ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Mu dai a unguwa mun riga mun binne shi a zuciya, muna gaishe ta da irin muryar da ake gaida mai takaba.

Da shekara ta kusa zagayowa, wata daga cikin matan zumuntar cocin su Mama ta tsaya a barandata tana duba katunan Ista. Ta rage murya ta ce, "Mun fara yi wa Mama maganar sujadar tunawa da yaron a coci. Shekara guda ai ya isa. Ki shirya, aiki na nan zuwa wurinki."

Kwana biyar bayan haka sai ga Mama da safe, kafin ta wuce kasuwa. Ta zauna a kan benci ta kwance bakin zanenta, ta fito da hankici, ta warware shi a hankali. Hoto ne baƙi da fari, ɗan madaidaici, gefensa ya fara laushi saboda yawan taɓawa. Ita ce zaune a kujera da gwaggwaro, shi kuma yana tsaye a bayanta ta dama, cikin farar riga, ya ɗora hannunsa a kafaɗarta.

Ta ce, "Yarinyana, ka yi ma yarona firem. Mai kyau, mai ƙarfi. Shi ɗaya ne hoto nake da shi."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "To, Mama. Ki dawo jibi." Har na ji tausayinta ya cika mini ƙirji, na ce a raina, baiwar Allah ta haƙura ke nan. Tambaya ɗaya ce ta rage tsakanina da ita, kuma tana zaune a gabana, gwiwarta na kusan taɓa tawa. Ban yi ba, don ina ganin rashin tambayar shi ne ladabi.

Na ba aikin nan lokaci fiye da kowane aiki. Na wasa bakin ƙarfen a dutse. Na zaɓi farin kati mafi kauri, na buga ganye goma sha biyu daga takarda mai ruwan hoda mai duhu, na buga gicciye. Na auna ƙarfen a kan fuskar yaron sau uku don kada in ci kunnensa ko in taɓa gwaggwaron uwarsa. Sannan na ɗora katako na buga. Ban taɓa yin yanka mai tsabta kamar wannan ba. Fuskarsa ta fito cif, daga saman gashi zuwa maɓallin riga na biyu. Abin da ya rage na ajiye a gefe don in mayar mata: Mama a kujera, rami a bayanta, da hannu a kafaɗarta wanda ba ya haɗe da kowa.

Ta dawo jibin kamar yadda na ce. Na miƙa mata firem ɗin a naɗe cikin takarda, ina jiran ta yi kuka in rarrashe ta, har na tanadi kalmomin. Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Ta juya bayansa, ta sake juyowa.

Ta ce, "Wane ya gaya maka ya mutu?"

Na ce, "Mama, ai na ɗauka..."

"Ka ga gawa?"

"A'a, Mama."

"Wani ya zo ya gaya maka abin da bai gaya mini ba? In akwai, ka faɗa mini yanzu. Ba zan yi faɗa ba."

Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, domin da gaske take tambaya. Ta zaci ina da wani labari. Na ce mata ba ni da komai, babu wanda ya gaya mini komai.

Sai ta yi mini bayani, a hankali, kamar tana gaya wa yaro farashin kwalba. Hoton yana lalacewa a cikin hankici, gumi yana cinsa. Tana so ne a sa shi a firem ta rataye a rumfa, inda direbobi da 'yan jirgi da masu zuwa cin kasuwa daga ƙauyuka za su riƙa gani, ko wani zai ce ya taɓa ganin wannan fuska a wani gari. Ta ɗaga abin da na yi ta ce, "Yanzu wane zai nemi mutum da yake cikin ƙwai?"

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ina da baki, na iya karɓar zagi, na iya mayarwa. Ba ta zage ni ba. Na durƙusa a gabanta a kan guntayen takarda ina ba ta haƙuri, ita kuwa hankalinta ba ya kaina, tana neman sauran hoton da ido. Na ɗauko mata. Ta sa yatsa ta cikin ramin, yatsan ya fito ta baya.

Na ce ta ba ni kwana uku zan gyara. Ban san yadda zan gyara ba, na faɗa ne don in samu abin faɗa.

Na fara da mai hoton da ya ɗauka. Sunan shagon yana bayan hoton, na bi na tarar da tela a wurin. Ya ce mai hoton ya kwashe kayansa ya koma kudu bayan tashin hankalin, bai bar adireshi ba. Na tafi wurin wani mai hoto a hanyar tasha, na roƙe shi ya sake ɗaukar fuskar ya wanke mini ita mai kusurwa huɗu. Ya auna da rula ya nuna mini: in za a fitar da kusurwa huɗu daga cikin ƙwan nan, sai an zubar da gashi da kunnuwa da haɓa. Na ce ya gwada duk da haka. Abin da ya fito idanu ne da hanci cikin hazo, ko uwar da ta haife shi sai ta yi shakka. Na yaga shi a hanya.

Saura hanya ɗaya. Na ɓamɓare fuskar daga farin katin da tururin ruwan zafi da bakin reza, ina addu'a kada ta yage. Na mayar da ita cikin raminta, na manna siririyar takarda ta baya da kunun sitaci, na danne da dutsen guga mai sanyi har kwana biyu. Ta zauna daram, kafaɗarsa ta koma ta haɗu da hannunsa. Amma ƙarfen Baba yana da kauri, yana cin ɗan gashin takarda duk inda ya bi, kuma ni na wasa shi da kaina. Wani farin zare ya kewaye kan yaron, siriri, ba ya ɓoyuwa. Na bi shi da fensir, ya zama baƙin zare. Na goge, ya zama toka-toka. A nan na ajiye fensir na zauna ina kallon hannuwana, ba abin da ya rage da zan iya yi.

Na yanka taga mai kusurwa huɗu a kwali mafi ƙarfi da nake da shi, na sa hoton, na kai mata rumfa da kaina. Ta duba zaren, ta dube ni, ta ce, "Ya yi." Ta rataye shi a ƙusa sama da garwar manja.

Shekara shida hoton nan yana wurin. Hanyata ta zuwa sayen kwali ta gaban rumfarta take, kuma ban yarda na canja hanya ba, ko da yake na so. Sau da yawa ina tsaye mai sayen manja zai ɗaga kai, ya ga zaren da ya kewaye fuskar, ya ce, "Ayya, Mama, Allah ya ba shi hutawa." Ita kuma ta ce, "Bai mutu ba. Ka duba shi da kyau, ko ka gan shi wani wuri." Sai mutumin ya ji kunya ya ɗan duba don ladabi, ya karɓi kwalbarsa ya wuce. Kullum sai ta yi wannan bayani, wani lokaci sau biyar kafin azahar, kuma ni na ɗora mata shi. Ba ta taɓa juyowa ta kalle ni ba in ana haka. Mutum ɗaya na gani da ta duba fuskar da gaske, wata Bafulatana mai tallar nono wadda ba ta san al'adar ƙwai ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta karɓi firem ɗin ta matso da shi kusa da ido, ta ce za ta tambaya a rugagen wajen Kagarko. Bayan mako biyu ta dawo ta ce ba wanda ya san shi. Mama ta cika mata kwalba da manja ta ce ta gode.

Ni kuwa na koyi tambaya, har na wuce gona da iri. Mutum ya zo da hoton kakarsa da aka binne a gabana, sai in ce, "Kusurwa huɗu ko ƙwai?" Wasu suka ce na zama marar tausayi. Ban kula ba. Amma tambayar da nake yi wa mutum ɗari ba ta rage komai daga zaren da ke rataye a rumfar manja ba.

A shekarun nan jirgi ya yi ta raguwa. Da muna saita agogo da kukansa, sai ya zama a yi kwanaki ba a ji ba. Kwatas na reluwe ya fara zama kango, iyalai suna ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafun Mama suka kumbura, ba ta iya tsayuwar rumfa, babbar 'yarta ta zo daga kudu ta ce ba za ta koma ba sai da ita.

Ana saura kwana biyu su tafi, Mama ta zo barandata da hantsi, tana dogara sanda. Ta zauna a benci ɗin nan dai. Ta fito da firem ɗin, kwalin ya yi ja da manja, ledar ta dushe.

Ta ce, "Ka cire shi. Ka yi irin na farko, da ganye, da kuros."

Na ce, "Mama, an samu labari ne?"

"Ba labari. A gida dangin babansa suna so a yi masa addu'a a rufe magana. Na ce to. Na gaji." Sannan ta ce, "Kai ka riga ka yanka tun da daɗewa. Ka gama aikinka."

Ba da gori ta faɗa ba, na san muryarta. Amma na so ƙasa ta buɗe. Na ce mata ba zan iya ba, ta kai wa wani. Ta ce wane ne wani, duk garin nan ni kaɗai ke da ƙarfen. Na ce ai ba a bukatar ƙarfen ƙwai yanzu. Ta ce to me nake jira.

Na zare hoton daga kwalin. Na sa babban yatsa a bayan fuskar na ɗan tura. Sitacin ya riga ya mutu, ko jayayya bai yi ba, fuskar ta faɗo a tafin hannuna. Na buga ganye goma sha biyu, na buga gicciye, tana zaune tana kallona, tana kaɗa ƙuda da hankici. Ganye biyu suka fito da gashi-gashi don na yi musu bugu biyu, na sake wasu. Da na gama na miƙa mata, ta duba ta ce ya yi kyau, ta naɗe a hankicin ta ɗaure a bakin zane.

Na ɗauko sauran hoton zan haɗa mata da shi. Ta tura hannuna baya.

Ta ce, "Wannan ka riƙe. In ya zo Kafanchan, zai je kwatas, ba kowa. Zai je kasuwa, wani ne a rumfa. Mutane za su ce ya zo wurinka. Ka nuna masa wannan, zai gane ni, zai gane hannunsa. Ka gaya masa na jira, na tafi gida."

Na ce, "To, Mama."

Na raka ta har bakin titi. Tana tafiya a hankali, ba ta waiwayo ba.

Bayan shekara biyu labari ya zo ta bakin wata mai sayar da kifi cewa Mama ta rasu a garinsu. Mun tashi daga wancan gida, mun sake tashi, na daina yin kati tun da masu injin buga takarda suka cika gari. Duk inda muka koma sai na je tsohuwar unguwa na gaya wa masu shago inda nake, ko wani zai zo yana tambayar wata mai manja. Yaran da ke shagunan yanzu ba su san ta ba, suna ce mini to, Mama, don su rabu da ni.

Hoton yana cikin gwangwanin biskit tare da ƙarafan, a cikin ambulan. Mace a kujera da gwaggwaro, rami a bayanta, hannu a kafaɗarta. Ban sa shi a firem ba, don ban san wane ƙarfe zan ɗauka ba, kuma wadda zan tambaya ba ta nan. Har yau ba wanda ya zo.